Tambaya da Amsa: Da Gaske An Kama Zakaran Ces Na Duniya A Ban Ɗaki?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filin masu wasan ces. Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, maguɗi da zargin maguɗi, daga nan Kumasi har Akra, to na zaɓi biyar. Ta farko ta ci wuri da yawa, ku yi haƙuri, maganar yaro ce kuma ta taɓa ni.

Tambaya: Malam ina wuni, ya aiki. Ni malamin makaranta ne a Aboabo, ina da 'yar ƙungiyar yara da nake koya wa ces bayan la'asar. Ranar Asabar mun haɗa gasa ta unguwa manya da yara, sai wani yarona ɗan shekara 14 ya ci wani dattijo da kowa ya sani a bes ɗinmu, inda muke zama mu yi wasa, shi ne ma ya koya wa yawancinmu wasan. Yaron ya tashi zuwa ban ɗaki sau uku ko huɗu ana cikin wasa. Ana gamawa Alhaji ya ture allo ya ce waya yaron yake zuwa dubawa, wai ko zakaran duniya an taɓa kama shi da kwamfuta a ban ɗaki balle wannan. Aka caje yaron a gaban kowa ba a ga komai ba, ba shi ma da waya, ta yayarsa yake ara da dare, amma magana ta riga ta zaga, yara suna tsokanarsa kuma ya daina zuwa. Da gaske ne an kama zakaran duniya? Kuma ya zan yi da Alhaji, sa'an babana ne fa.
Daga wani malami, Aboabo, Kumasi

Amsa: Malam lafiya lau, Allah ya saka maka da alheri kan abin da kake yi wa yaran nan. A gajarce, a'a, ba a taɓa kama zakaran duniya da kwamfuta a ban ɗaki ba. Zarginsa aka yi. Na san labarin da Alhaji yake nufi, kuma tunda rabinsa ya ji bari in ba ka shi gaba ɗaya don ka samu abin riƙewa in za ka je wajensa.

A 2006 ne, a garin Elista na yankin Kalmykia a ƙasar Rasha. Tun 1993 duniyar ces ta rabu gida biyu, lokacin da Garry Kasparov da Nigel Short suka fice daga ƙarƙashin FIDE, hukumar ces ta duniya, suka buga nasu wasan kambu a Landan, daga nan kullum zakara biyu ake da su kowa na cewa shi ne na gaske. Shekara 13 ana wannan. To a Elista aka ce a haɗa su a gama, Vladimir Kramnik ɗan Rasha wanda ya ƙwace kambu a hannun Kasparov a 2000, da Veselin Topalov ɗan Bulgeriya wanda ya ci gasar FIDE a San Luis ta Ajantina a 2005. Wasa 12, kuɗi dala miliyan ɗaya kuma tun farko an yarda raba daidai za a yi ko wa ya ci, ka ga ke nan kambun ne abin faɗa.

Kramnik ya ci wasan farko ya ci na biyu, na uku da na huɗu aka tashi canjaras, yana da 3 Topalov na da 1. Sai ranar 28 ga Satumba manajan Topalov, Silvio Danailov, ya fito da takardar ƙorafi, har ga 'yan jarida, wai Kramnik na shiga ban ɗakinsa sama da sau 50 a kowane wasa. Yadda wurin yake shi ne kowane ɗan wasa na da ɗakin hutawarsa a bayan dandamali, da kyamara a ciki, sai ban ɗaki a jikin ɗakin wanda shi kaɗai ne babu kyamara. Bai fito ɓaro-ɓaro ya ce ga kwamfuta ba amma kowa ya gane inda ya dosa. Ɓangaren Kramnik suka ce mutumin nan ɗabi'arsa ce kai-komo in yana tunani, ɗakin ƙarami ne sai ya haɗa da filin ban ɗakin yana zagaye, ga shi yana shan ruwa da yawa.

Abin da ya fi ɓata min rai a labarin nan shi ne aikin kwamitin sauraron ƙorafi. Sun duba faifan bidiyo, da bakinsu suka ce adadin da Danailov ya faɗa an zuzuta shi, amma duk da haka suka kulle ban ɗakunan suka ce kowa ya yi amfani da na haɗaka. Wato sun ce zargin ba haka yake ba, sannan suka yi hukunci kamar haka yake. Ranar 29 ga wata da za a buga wasa na biyar Kramnik ya zo, ya zauna a ɗakin hutawarsa yana jiran a buɗe masa ban ɗaki kamar yadda yarjejeniya ta ce, ba a buɗe ba, shi kuma ya ƙi hawa allo. Alƙalin wasa Geurt Gijssen ɗan Holan ya tada agogo, awa ɗaya ta cika, aka rubuta wa Topalov maki ɗaya ba tare da an taɓa ko soja ɗaya ba. Kuma Kramnik ne ke da fararen kayan wasa a ranar, wato shi zai fara tafiya. Sai da shugaban FIDE na lokacin Kirsan Ilyumzhinov, wanda kuma shi ne shugaban Kalmykia ɗin, ya shiga tsakani, aka sake buɗe ban ɗakunan, aka canza 'yan kwamiti, amma makin nan bai dawo ba. Kramnik ya koma wasa ranar 2 ga Oktoba yana mai cewa bai yarda da hukuncin ba.

Danailov bai tsaya nan ba, ya sake fito da lissafi wai kusan kashi 78 cikin 100 na tafiyar Kramnik sun yi daidai da abin da manhajar Fritz 9 ke zaɓa. Wanda bai san wasan ba zai ji wannan ya ce shi ke nan an kama shi. Amma kai Malam ka sani, tafiya goma zuwa ashirin na farko manyan nan a haddace suke zuwa da su daga gida, kuma da kwamfutar suka shirya su, wannan halal ne kowa na yi har Topalov ɗin. Sannan akwai tafiyar dole, in an ci maka sarauniya da sarauniya ramawa za ka yi, da kai da kwamfuta da yaron da ya fara koyo jiya duk abu ɗaya za ku buga. In ka cire waɗannan, lissafin ba ya nuna komai sai cewa mutumin gwani ne.

Ga kuma abin da allon da kansa ya nuna. A wasa na biyu, ɗaya daga cikin wasannin da ake cewa an yi cutar, a tafiya ta 31 Kramnik ya tafka kuskuren da ya isa ya kashe shi nan take, Topalov na da hanyar da zai ci da ruk ɗinsa, kayan wasan nan mai siffar hasumiya, yana ba sarki cek, wato hari kai tsaye, daga nan magana ta ƙare, amma bai gani ba ya buga sarauniya, daga baya ma ya faɗi wasan. Mai kwamfuta a ban ɗaki ba ya irin wannan kuskuren. Bayan rigimar Topalov ya ci na takwas da na tara, Kramnik ya ci na goma, aka tashi 6 da 6 har da makin kyautar nan, sai ranar 13 ga Oktoba aka buga wasan sauri guda huɗu Kramnik ya ci biyu da rabi da ɗaya da rabi. Ƙasa da wata biyu bayan nan a Bonn ta Jamus ya kara da kwamfutar Deep Fritz ta doke shi 4 da 2, a wasa na biyu ma bai ga za a kashe masa sarki a tafiya ɗaya ba. Topalov ya ci gaba da magana a jarida, har da zancen wai an ga wayar intanet a silin ɗin ban ɗakin, ba wanda ya nuna Kramnik ya taɓa ta ko ya san da ita, kuma a 2007 kwamitin ɗa'a na FIDE Topalov ya tsawatar wa kan kalamansa. Wanda aka hukunta a ƙarshe mai zargin ne. Amma ka ga shekara nawa yanzu, a Aboabo abin da ya iso kunnen Alhaji shi ne an kama zakara a ban ɗaki.

Shi ya sa nake jin ciwon abin da aka yi wa yaron nan. Ka san in aka yi ihun ɓarawo a kasuwar Kejetia ba mai tsayawa tambayar me aka sata, kuma ko an gano ba shi ba ne waɗanda suka ji ihun sun fi waɗanda suka ji wankewar yawa. Kramnik babban mutum ne mai manaja da lauyoyi da manyan 'yan wasa da suka rubuta takarda suna goyon bayansa, naka yaron ba shi da kowa sai kai. Kuma in faɗa maka gaskiya, cajen da kuka yi masa a gaban mutane kuskure ne, irin na kwamitin Elista, kun ba zargin daraja alhali ba a kawo hujja ko ɗaya ba. A shari'armu ma hujja kan mai da'awa take. Yaro ɗan 14 yana zaune gaban dattijon da yake jin kunya, mutane sun zagaye shi, cikinsa na kaɗawa yana ta shan ruwan leda, ba dole ya yi ta tashi ba? Cin da ya yi kuma ba abin mamaki ba ne, yaran yanzu in sun samu waya na awa ɗaya suna warware wasanin ces a shafin intanet na Lichess fiye da abin da mu muka gani a shekara muna koyo a bakin titi. Gukesh na Indiya yana ɗan 12 ya zama giranmasta, muƙamin ƙoli na 'yan ces.

Zancen Alhaji kuwa, kar ka tare shi a bes, a gaban yara ba zai sauko ba kuma bai kamata ka sa shi a wannan hali ba. Nemi wani sa'ansa da yake jin maganarsa, ko limamin masallacinku, ku same shi a gida bayan isha'i. Ka fara da girmansa, ka ce Baba kai ka koya mana wasan nan, yaron nan jikanka ne a wasa, cin da ya yi maka daga hannunka ya fito. In kun rubuta tafiyar wasan ku jera allo ku sake bi tare, yaron ya yi bayanin me ya sa ya buga kaza, mai satar amsa ba ya iya bayanin nan, shi kuwa wanda ya yi tunani da kansa har abin da ya ji tsoro zai nuna maka. Abin da za ka roƙa ɗaya ne, inda Alhaji ya faɗi maganar nan a nan zai janye ta, a gaban mutanen da suka ji, ko da cewa kawai zai yi raina ne ya ɓaci, yaron ya fi ni a ranar. Kafin nan kai ka je gidan su yaron ka gaishe da iyayensa ka faɗa musu ɗansu bai yi komai ba, kar su ji a bakin wani.

Gasa ta gaba kuma tun kafin a zauna a karanta doka. Duk waya a kashe a zuba a jaka ɗaya wajen alƙali, har ta Alhaji har taka. Wanda juyinsa ne ba ya barin wurin wasa sai da izinin alƙali, wannan dokar FIDE ce ba tawa ba. Mai zargi ya je ya raɗa wa alƙali a kunne tun ana wasa, in caje ya zama dole a yi shi a keɓe da shaida ɗaya. Kuma a sa kowa ya riƙa rubuta tafiyarsa ko a takardar littafin makaranta ce.

Tambaya: Baba barka da aiki. Ni fa duk lokacin da aka yi maganar maguɗi sai ku manya ku ce zato zunubi, to wai babu masu cuta ne? Ni a Chess.com nake bugawa kuma wallahi wasu kana gani ka san ba mutum kake wasa da shi ba. Kuma abokina an rufe masa akawun wai ya karya doka, yana rantsuwa bai yi komai ba, sau ɗaya dai ya ce ya leƙa injin, wato manhajar da ke faɗa wa mutum tafiya, da wasa ya rikice masa. Ya ake gane su ne?
Daga wani saurayi, Nima, Akra

Amsa: Ɗana, akwai masu cuta, da yawa ma, kuma ban ɗakin nan dai shi ne matattararsu. A 2015 a gasar Dubai, Tigran Petrosian na Armeniya ya lura abokin karawarsa Gaioz Nigalidze, zakaran ƙasar Jojiya, yana yawan tashi kuma kullum ɗaki ɗaya yake shiga a cikin jerin ban ɗakunan ko da sauran ba kowa. Bai yi ihu ba, alƙali ya samu. Aka shiga aka duba sai ga na'ura irin ta waya an ɓoye ta cikin takardar goge-goge, wasan da suke bugawa yana kan fuskarta. Dakatarwar shekara 3 da ƙwace muƙamin giranmasta. A 2019 a Strasbourg ta Faransa aka ɗauki hoton Igors Rausis zaune a ban ɗaki da waya a hannu, mutum mai shekara 58, aka dakatar da shi shekara 6. Kwatanta wannan da Elista ka gani, a nan an samu abu a hannu, kuma alƙali aka kai wa magana tun wasa na gudana.

Tun da kwamfutar Deep Blue ta doke Kasparov a 1997 aka san inda aka dosa, yau injin Stockfish da ke wayarka kyauta ya fi duk wani ɗan Adam. Babban ɗan wasa ma ba ya buƙatar a faɗa masa kowace tafiya, sau ɗaya ko biyu a wuri mai wuya ya ishe shi, shi ya sa tsoron ya yi yawa a tsakaninsu. A manyan gasa yanzu ana bi da na'urar caje kamar ta filin jirgi, ana jinkirta nuna wasan a intanet da minti 15 don kar na waje ya taimaka, sannan FIDE na aiki da wani farfesa a Jami'ar Buffalo ta Amurka, Kenneth Regan, mai auna wasannin mutum da lissafi ya ga ko ƙarfin da ya nuna ya wuce abin da zai yiwu ga mai matsayinsa. A intanet kuma suna kallon abubuwa irin su lokaci, mutum na gaske tafiya mai sauƙi nan take yake yi mai wuya ya daɗe, mai kwafa kuwa kowace tafiya lokaci kusan iri ɗaya take ɗaukar masa don sai ya je ya tambayo, suna kuma ganin in kana fita daga shafin wasa kana dawowa.

Rigimar Magnus Carlsen, zakaran duniya na lokacin, da Hans Niemann a 2022 ta haɗa duka biyun. Niemann ya ci Carlsen a St. Louis, Carlsen ya fice daga gasar, Niemann da bakinsa ya yarda ya yi cuta a intanet yana ɗan 12 da 16, Chess.com ta fitar da rahoto mai shafi 72 ta ce da alama wasannin sun haura 100, amma ba a samu hujjar ya yi a wasan da ya ci Carlsen ido da ido ba. Ya kai ƙara yana neman dala miliyan 100, a 2023 suka sasanta, FIDE kuma ta ci Carlsen tarar yuro 10,000 kan ficewa ba da dalili ba. Abin baƙin ciki shi Kramnik ɗin da aka zalunta a 2006, tun 2023 shi ke wallafa lissafi yana jefa shakku kan mutane har da babban ɗan wasan Amurka Hikaru Nakamura, har Chess.com ta rufe masa shafin rubutunsa. Ban ji daɗin wannan ba ko kaɗan, mutumin da ya ɗanɗana ya kamata ya fi kowa taka-tsantsan.

Abokinka kuwa ai ya riga ya amsa, leƙawa sau ɗaya cuta ce, kar ya ƙara rantsuwa a kai. Ya rubuta musu ya faɗi gaskiya ya nemi dama ta biyu. Kai kuma in ka ji shakka akwai maɓallin kai ƙara, danna ka wuce, in sun tabbatar suna mayar maka da makinka. Kar ka rubuta wa mutum ɓarawo a wajen hira.

Tambaya: Malam, a wajen damii ɗinmu ana gardama, wani ya ce Turawa ma suna asiri a ces, har boka aka taɓa kawowa gasar duniya. Haka ne?
Daga wani tela, Asawasi, Kumasi

Amsa: Maigida akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. A 1978 a Baguio ta ƙasar Filifin, Anatoly Karpov na Tarayyar Sobiyet ya kara da Viktor Korchnoi wanda ya gudu daga ƙasar a 1976, don haka gaba ce ta siyasa tun kafin a jera allo. Tawagar Karpov ta zo da wani Dakta Vladimir Zukhar, masanin halayyar ɗan Adam, yana zama a layukan gaba na 'yan kallo ya kafe Korchnoi da ido, Korchnoi ya ce juya masa tunani ake yi, ya sa tabarau mai madubi, daga baya shi ma ya kawo wasu 'yan ƙungiyar Ananda Marga su biyu masu zuzzurfan tunani. A wasa na biyu an miƙo wa Karpov kofin yogot yana kan allo, ɓangaren Korchnoi suka rubuta ƙorafi wai zai iya zama saƙo a ɓoye, har sai da aka sa doka kan lokacin kawo abinci. Kafin nan a 1972 a Reykjavik, 'yan Sobiyet sun ce ana amfani da wata na'ura ko sinadari a kan zakaransu Boris Spassky, aka ɗauki hoton kujeru aka kwance fitilu, ƙudaje biyu matattu aka samu.

Ni abin da na ɗauka a Baguio shi ne kallon Zukhar ya yi aiki ne daidai gwargwadon yadda Korchnoi ya sa shi a rai, mutum in hankalinsa na kan 'yan kallo ba ya kan allo. Duk da haka bayan Karpov na gaba da ci 5 da 2, Korchnoi ya farke zuwa 5 da 5 kafin Karpov ya ci wasa na 32. Dokar yau ta hana damun abokin wasa ta kowace hanya, in wani na tsaye a kanka yana surutai ko yana kafe ka da ido, kira alƙali a matsar da shi.

Tambaya: Wai gaskiya ne Ding Liren sayar wa ɗan Indiya wasa ya yi?
Daga wata ɗaliba, Madina, Akra

Amsa: 'Yata, babu hujja ko ɗaya. Wasan kambun duniya ne tsakanin Ding ɗan Sin mai riƙe da kambu da Gukesh na Indiya, a Singafo, Disamba 2024, ana 6 da rabi kowa, wasa na 14 na ƙarshe ya kama hanyar canjaras sai Ding da agogo ya matse shi ya kai ruk ɗinsa inda bai kamata ba a tafiya ta 55, aka yi musanya ya rage sarki da sojoji kuma Gukesh ke da rinjaye. Shugaban hukumar ces ta Rasha Andrey Filatov ya ce a bincika ko da gangan ne, shugaban FIDE Arkady Dvorkovich ya ce kuskure ɓangare ne na wasa. Nemi bidiyon ki kalli fuskar Ding a daidai lokacin da ya gane abin da ya yi, ya dafe kai ya kasa motsi. Kusan mako uku yana fafatawa, har ya rama a wasa na 12 bayan an ci shi a na 11, mai niyyar sayarwa ba ya wahalar da kansa haka.

Tambaya: Malam sannu da ƙoƙari. Ɗana ɗan shekara 11 yana wasan nan a makaranta, an ce min wata yarinya ta ci shi ta miƙo hannu ya ƙi karɓa ya tashi ya tafi. Da na yi masa faɗa sai ya ce wai manyan duniya ma ba sa gaisawa, ba dole ba ne. Ni ban san wasan ba, shi ya sa na ce bari in tambaya.
Daga wata uwa, Mamobi, Akra

Amsa: Hajiya sannunki, kin yi daidai da kika yi masa faɗa, kuma ba sai kin san wasan ba. Eh akwai manyan da suka yi, Topalov da Kramnik sun daina gaisawa bayan Elista, Karpov ma ya ƙi karɓar hannun Korchnoi a Baguio, amma ba wanda ke ba da labarin nan don yabo. Ki ba shi wannan. A Janairun 2008 a Wijk aan Zee ta ƙasar Holan, Ivan Cheparinov ɗan Bulgeriya, mataimakin Topalov, ya ƙi karɓar hannun Nigel Short, Short ya miƙa sau biyu yana kau da kai. Alƙali ya ba Short wasan. Da aka ɗaukaka ƙara aka ce sai Cheparinov ya rubuta takardar ban haƙuri sannan a sake bugawa, ya rubuta, washegari ya miƙa hannun da ya hana, kuma Short ya ci shi a kan allo. In manya yake son koyi da su to ya kalli Gukesh ranar da ya zama zakaran duniya yana ɗan 18, hawaye na zuba amma sai da ya tsaya ya jera kayan wasan a mazauninsu, da ya zo gaban 'yan jarida kuma Ding ya fara yabawa.

Sai dai ki tambaye shi a hankali me ya hana shi, don abu biyu ne. In kunyar musabaha da mace ce saboda tarbiyyar gida, wannan akwai hanyarsa, ya sa hannu a ƙirji ya ɗan sunkuyar da kai ya ce kin yi wasa mai kyau, kuma ya sanar da malaminsu tun kafin a fara don kar yarinyar ta ji an wulaƙanta ta. In kuwa zafin mace ta ci shi ne, wanda ni shi na fi zato tunda tashi ya yi ya tafi, to ki faɗa masa Judit Polgar 'yar Hangari ta ci Kasparov a 2002 yana lamba ɗaya a duniya. Ranar da za su koma wasa ki raka shi ko ki haɗa shi da yayansa, ya sami yarinyar a gaban malamin ya ba ta haƙuri, sannan ya roƙe ta su jera allo ta nuna masa inda ya yi kuskure.